Fatalwa a Ɗakin Jariri: Sharhi a Kan Maƙalar Fraiberg da Batun Gadon Gallaza wa Yara

Gabatarwa

Manufarmu a cikin wannan takarda ita ce mu yi sharhi a kan wata maƙala guda, wadda ko da yake ba ta wuce shafi 35 ba, ta yi tasiri ƙwarai a kan yadda masana ke tunani game da jiyyar iyalin da ake gallaza wa yara a cikinsa. Sunan maƙalar Ghosts in the Nursery, watau Fatalwa a Ɗakin Jariri. Selma Fraiberg ce ta rubuta ta tare da abokan aikinta biyu, Edna Adelson da Vivian Shapiro, aka kuma buga ta a shekarar 1975 cikin mujallar ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwar yara ta Amurka. In mun ce jiyyar iyali, muna nufin hanyar warkarwa ta zama da magana wadda ba a ware mutum ɗaya a ce shi ne majiyyaci, sai dai a dubi abin da ke gudana tsakanin uwa da ɗanta, ko tsakanin miji da mata da 'ya'yansu, a ce a nan cutar take. In kuwa mun ce gallazawa, mun haɗa da duka mai raunatarwa, da lalata da yaro, da kuma wofintar da shi ba abinci ba kulawa.

Ra'ayinmu tun daga farko shi ne, masu ambaton maƙalar nan sun fi masu karanta ta yawa. Waɗanda ke kafa hujja da ita suna cewa duk wanda aka azabtar yana ƙarami shi ma zai azabtar da nasa, sun ɗora mata abin da ba ta faɗa ba. Amma fa abin da ta faɗa ɗin, watau dalilin da ya sa wasu iyaye ke maimaita abin da aka yi musu wasu kuma ba su maimaitawa, ba ta zo da hujjar da za ta ɗauki nauyinsa ba, binciken da ya biyo baya kuwa wani ɓangarensa kaɗai ya gaskata.

Abin da maƙalar ta tarar

A 1962 wani likitan yara na birnin Denver, C. Henry Kempe, da abokan aikinsa suka buga rahoto a mujallar ƙungiyar likitocin Amurka game da yaran da ake kawowa asibiti da karaya iri iri, tsohuwa da sabuwa, wadda hoton ƙashi ke nunawa, iyaye kuma su ce faɗuwa yaron ya yi. Rahoton ya tayar da hankalin ƙasar, har kafin ƙarshen 1967 kowace jiha ta kafa dokar kai rahoton irin wannan ga hukuma, a 1974 kuma gwamnatin tarayya ta yi tata dokar. To, da abin ya fito fili, sai aka shiga tambayar wane irin mutum ne zai karya hannun jaririnsa. Brandt Steele da Carl Pollock, likitocin ƙwaƙwalwa da ke aiki tare da Kempe, suka yi nazarin iyalai 60, suka ba da amsa a 1968 cewa iyayen nan su ma haka aka rene su. Daga nan maganar ta bazu, ta shiga jaridu da kotuna. Tun a 1963 wani likita mai suna George Curtis ya rubuta gajeriyar takarda yana tambaya ko zalunci na haifar zalunci, ya kuma sa alamar shakka a cikin taken takardar. Waɗanda suka zo bayansa suka riƙe maganar, suka yar da shakkar.

Ita Fraiberg ba likita ba ce. An haife ta a Detroit a 1918, ta yi karatun aikin jin daɗin jama'a, sa'an nan ta ƙware a mazhabar Freud ta nazarin zuciya. Ta shekara da shekaru a Jami'ar Michigan da ke Ann Arbor tana lura da jariran da aka haifa makafi, tana koya wa iyayensu karanta motsin hannun jaririn a madadin kallon ido. Wannan aiki shi ya horar da idonta, kuma da shi ta shiga gidajen matalauta a farkon shekarun 1970. Ta rasu a 1981.

Abin da maƙalar ta ce

Gaba ɗayan maƙalar ta tsaya ne a kan labarin iyalai biyu. Uwa ta farko tana fama da ciwon damuwa mai tsanani, tana neman a karɓi 'yarta mai wata biyar da rabi a ba wani ya riƙe, mijinta kuwa bai yarda ba. Yayin da ake gwada jaririyar ana ɗaukar hoton bidiyo, sai ta fashe da kuka, ta yi ta yi, uwar na zaune kusa da ita ta kau da kai ta lula cikin tunani. Ma'aikatan ba su ce wannan mata ba ta da imani ba. Suka tambayi kansu abin da ya toshe mata kunne. Da Adelson ta soma ziyartar gidan, labari ya riƙa fitowa kaɗan kaɗan. Mahaifiyar matar ta sami taɓin hankali bayan haihuwa, ta harbi kanta da bindiga, ta ƙare rayuwarta a asibiti. Yarinyar ta tashi a hannun wata 'yar'uwar iyayenta har shekara biyar, daga nan aka mai da ita gidan kakarta inda ba a maraba da ita. Zaton ma'aikatan shi ne, matar ba za ta iya amsa kiran 'yarta ba muddin babu wanda ya taɓa amsa nata, saboda haka aikin farko shi ne a saurare ta. Maƙalar ta ce ba a daɗe ba wata rana, tana tsakiyar zayyana baƙin cikinta, ta miƙa hannu ta rungume jaririyar.

Labari na biyu ya fi tsawo, a ganinmu kuma ya fi gaskiya, domin marubutan ba su ɓoye inda aiki ya kusa lalacewa ba. Uwar yarinya ce 'yar shekara 16, ɗanta yana da wata uku da rabi, ba ta son ko taɓa shi, mijinta ne ke yawan ɗawainiya da shi. Ta tashi a hannun mijin uwa mashayi wanda ke dukanta, uwarta kuma ta sha tafiya ta bar su. Tana ba da labarin dukan nan dalla dalla, ba ta manta kome ba, amma da busasshiyar murya, wani lokaci har da 'yar dariya. Bayan 'yan ziyarce-ziyarce sai ta rufe ƙofa, Shapiro ta yi ta zuwa tana komawa har wajen wata biyu. Daga ƙarshe ma'aikatan suka rubuta wa iyayen wasiƙa cewa in ba a buɗe musu ba za su sanar da hukumar kare yara, suka kuwa sanar. Yarinyar ta kira Shapiro ta zazzage mata fushinta, Shapiro ba ta rama ba, ba ta kuma guje ta ba. Daga nan ne ta soma tuna tsoron da take ji tana ƙarama, duk sa'ad da tsoron ya taso kuwa sai ta jawo ɗanta jikinta.

Daga waɗannan labarai biyu Fraiberg ta fitar da ƙa'idarta. Ta ce kowane gida yana da baƙin da ba a gayyata ba, watau abubuwan da suka sami iyaye suna yara, amma a yawancin gidaje baƙin kan leƙo ne su wuce. Ta faɗa a fili cewa iyaye da yawa da suka sha azaba suna ƙanana sukan zama masu tsananin tausayin 'ya'yansu, kuma tarihin mutum kaɗai ba zai nuna wanda zai maimaita ba. Bambancin, in ji ta, yana ga irin tunawar. Wanda ya tuna abin da ya faru tare da zafinsa, da firgita da kunya da rashin mataimaki, yakan ga kansa a cikin ɗansa ya kare shi. Wanda ya tuna aukuwar amma ya binne zafin, yakan sa rigar azzalumi, watau ya ɗauki halin wanda ya cuce shi don ya tsira daga jin tsoronsa. Wannan ma'ana ta ƙarshe daga littafin Anna Freud na 1936 ta aro ta.

Kyawun maƙalar ba ya ɓuya. Na farko, ta fitar da jiyya daga ofis ta kai ta ɗakin girki, ana magana ana dafa abinci, jariri na kan cinya. Zaman jaririn a wurin kuwa shi ne ginshiƙin hanyar, domin abin da uwa ba za ta iya faɗa ba hannunta yakan faɗa sa'ad da ta ɗauke shi ko ta ƙi ɗaukarsa, kuma mai ba da jiyya na iya yin magana a madadin wanda bai iya magana ba. Bayan wannan, ta juya tambayar zamaninta. Mutanen Denver suna tambayar me ya sa ake maimaitawa, ita kuwa ta ga cewa ba za a amsa wannan ba sai an san me ya sa wasu ba su maimaitawa. Rubutun kansa yana da daɗin karatu kamar ƙagaggen labari, a nan kuma wajibi ne mai sharhi ya yi hattara, domin daɗin labari kan sa mutum ya manta bai ga hujja ba.

Inda hujjar ta gaza

Iyalai biyu ne, marubutan ne suka zaɓo su, duka biyun kuma sun sami sauƙi. Ba a kwatanta su da wasu iyalai masu irin matsalarsu da ba a yi wa jiyya ba. Har ila yau, abin da aka ba matan nan ba tunawa kaɗai ba ne. An ba su mutum mai zuwa gida a kai a kai, wanda ba ya zagi ba ya gudu, yana koya musu abin da jariri ke bukata a kowane wata, yana yaba musu in sun yi daidai. A labari na biyu ma akwai idon hukuma a kan gidan. Wanne daga cikin waɗannan ya kawo sauƙin? Maƙalar ta ce tunawa da zafin ne, amma tsarin aikin bai ba ta ikon rarrabewa ba.

Akwai kuma wani aibi a cikin ginin ƙa'idar. In uwa ta tuna, ta kuma daina dukan ɗanta, sai a ce ƙa'ida ta tabbata. In ta tuna ta ci gaba da duka, sai a ce ai ba ta tuna da zafin ba. Muddin ba a da ma'aunin wannan zafi wanda bai dogara da sakamakon ba, to babu abin da zai faru ya ƙaryata ƙa'idar, kuma wannan rauni ne a fagen ilmi. Ubanni kuwa suna bakin ƙofa ne a cikin maƙalar, ana ganinsu ba a cika jin tarihinsu ba. Talauci ma haka, an siffanta shi sosai amma an bar shi a matsayin shimfiɗar labari, alhali kuwa yarinya 'yar shekara 16 da jariri da aljihu wayam tana da dalilan gajiya waɗanda ba sai an nemo su a yarintarta ba.

Batun gado da ƙididdiga

Kafin mu dubi abin da bincike ya ce game da ƙa'idar Fraiberg, ya kamata mu warware maganar gadon kanta, da yake ita ce ake yawan jingina wa maƙalar. Misalin da ya fi kowanne bayyana mas'alar shi ne binciken Rosemary Hunter da Nancy Kilstrom na 1979. Sun yi hira da iyayen jarirai sama da 250 da aka kwantar a ɗakin kulawa ta musamman, suka tarar a iyalai 49 akwai uwa ko uba da aka gallaza wa yana yaro. Bayan shekara guda aka tabbatar an gallaza wa jarirai 10, tara daga cikinsu kuwa daga iyalan nan 49 suka fito. Wanda ya tsaya a bakin asibiti ya waiwaya baya zai ce tara cikin goma, watau kashi 90 cikin 100 na masu gallazawa gadonta suka yi. Wanda ya tsaya a ranar haihuwa ya dubi gaba zai ce tara cikin 49, watau kashi 18 cikin 100. Lissafin duka biyu daidai ne, mutanen ma su ne dai, amma iyalai 40 da ba su maimaita ba, mai waiwaye ba zai taɓa ganinsu ba, domin babu abin da zai kawo su gabansa. Steele da Pollock masu waiwaye ne.

A 1987 Joan Kaufman da Edward Zigler na Jami'ar Yale suka tattara binciken da aka yi har zuwa lokacin, suka ƙiyasta cewa wajen kashi 30 cikin 100 ne ke maimaitawa. Wannan adadi ba ƙarami ba ne, ya ninka na sauran jama'a kusan sau shida bisa ga lissafinsu, amma yana nufin biyu cikin uku ba su maimaitawa. Cathy Spatz Widom kuma ta ɗauko yara 908 waɗanda kotu ta tabbatar an gallaza musu tsakanin 1967 da 1971, ta haɗa su da wasu yara sa'o'insu masu irin zamansu, ta bi su fiye da shekara 30 har ta yi hira da 'ya'yansu. Rahotonta na 2015 a mujallar Science ya sami alamar maimaituwa wajen wofintarwa da lalata, bai same ta ba wajen duka, wanda shi ne aka fi yayatawa. Ya kuma nuna cewa iyalan da hukuma ta riga ta sani an fi kai ƙararsu, watau wani kaso na abin da ake kira gado, sa ido ne ya haifar da shi.

A nan za mu ɗan ratse. Maganar mikin zuciya mai bin zuriya ta soma ne a 1966, sa'ad da Vivian Rakoff, wani likita a Montreal, ya lura da 'ya'yan Yahudawan da suka tsira daga kisan ƙare dangi na 'yan Nazi suna zuwa asibiti da damuwa. A 2016 Rachel Yehuda da abokan aikinta suka ba da rahoton wani bambanci a kan wata ƙwayar halitta ta irin waɗannan iyaye da 'ya'yansu, jaridu suka ɗauka cewa miki na bin jini. Iyaye 32 ne da 'ya'ya 22 aka gwada, kuma 'ya'yan a hannun iyayen suka tashi, saboda haka babu yadda za a raba abin da jini ya kawo da abin da reno ya kawo.

Gwajin ƙa'idar

Mu koma ga Fraiberg. Akwai binciken da ya goyi bayanta. A Landan, Peter Fonagy da Howard Steele da Miriam Steele sun yi hira da mata masu cikin fari game da yarintarsu, suka ba da rahoto a 1991 cewa yadda mace ke tsara labarin yarintarta ya nuna irin shaƙuwar da za a samu tsakaninta da jaririnta bayan shekara guda, a wajen uku cikin huɗu. Abin lura shi ne, munin abin da ya same ta bai kai yadda take iya tunani a kansa muhimmanci ba. Wannan ya yi kusa da abin da Fraiberg ta hango, ya kuma samar da ma'aunin da ita ba ta da shi. A Minnesota kuma Byron Egeland da Deborah Jacobvitz da Alan Sroufe sun dubi matan da aka azabtar suna yara amma suka reni nasu lafiya, suka tarar a 1988 cewa galibinsu sun sami wani babba da ya tausaya musu suna ƙanana, ko sun taɓa shiga jiyya, ko suna da miji mai kwantar musu da hankali. Biyu daga cikin abubuwan nan uku ba jiyya ba ne ko kaɗan.

Gwaji mafi kai tsaye shi ne na Dante Cicchetti da Fred Rogosch da Sheree Toth a Rochester, wanda aka buga a 2006. Sun ɗauki jarirai 137 'yan kimanin shekara ɗaya daga iyalan da aka tabbatar da gallazawa, suka raba su ta hanyar ƙuri'a. Wasu aka yi musu jiyya irin ta Fraiberg. Wasu aka riƙa zuwa gida ana koya wa iyaye reno da sarrafa matsalolin yau da kullum, ba a tono yarintar kowa. Sauran aka bar su da hidimar da hukuma ta saba yi. Da farko kusan babu jaririn da ke da shaƙuwa mai natsuwa da uwarsa. Bayan shekara guda, rukunin farko ya kai wajen kashi 61 cikin 100, na biyu wajen 55, na uku bai kai 2 ba. Hanyar Fraiberg ta yi aiki ke nan, lalle, amma hanyar da ba ta nemi fatalwa ba ita ma ta yi. Adalci ya sa mu ƙara da cewa, da aka sake duba yaran bayan wata shekarar, rahoton 2013 ya nuna sauƙin ya fi ɗorewa a rukunin farko.

A Oklahoma kuma Mark Chaffin da abokan aikinsa sun gwada wata hanya da Sheila Eyberg ta ƙirƙiro, wadda ba ruwanta da tarihi sam. Uwa ko uba na wasa da ɗansa a ɗaki, mai koyarwa na bayan gilashi yana gaya masa abin yi ta wata 'yar na'ura a kunne. Cikin iyaye 110 masu dukan 'ya'yansu, rahoton 2004 ya nuna kashi 19 cikin 100 na waɗanda aka yi wa wannan horo aka sake kai ƙararsu cikin fiye da shekara biyu, a kan kashi 49 na waɗanda suka halarci ajin iyaye da aka saba. Abin da muka fahimta shi ne, tunawa da zafin yarinta hanya ce ta gaske ga wasu iyaye, amma ba sharaɗi ba ce ga kowa, kuma yaron da ake duka yau ba zai jira uwarsa ta gama tunawa ba.

Laifin wa?

Fraiberg ba ita kaɗai ke maganar abin da ke bin zuriya a zamaninta ba. Murray Bowen ya taɓa kwantar da iyalai sukutum a asibiti a shekarun 1950 don ya lura da zamansu, daga baya a Jami'ar Georgetown ya koyar da zana taswirar iyali har kakanni. Ivan Boszormenyi-Nagy da Geraldine Spark a littafinsu na 1973 sun kamanta iyali da littafin bashi, inda wanda iyayensa suka ci haƙƙinsa kan je ya karɓi biya a wurin matarsa ko ɗansa da ba su ci masa kome ba. Wannan kamance ya burge mu, domin ya bayyana yadda azzalumi ke jin cewa shi ne aka zalunta. Amma mazhabobin jiyyar iyali suna da wata al'ada ta cewa kowa a gida yana da hannu a matsalar gida, abu yana zagayawa ne, babu mafari. Michele Bograd ta nuna a 1984 irin ɓarnar da wannan tunani ke yi in ana maganar mijin da ke dukan matarsa. Ga yaro kuwa abin ya fi muni, domin jariri mai wata huɗu ba shi da kaso a cikin karayar hannunsa.

Siffar fatalwa tana da irin wannan hatsari. Tana sauƙaƙa wa uwa ta yi magana ba tare da kunya ta kashe ta ba, wannan amfani ne babba. Amma in an ja ta da nisa sai laifi ya tashi daga kan mai rai ya koma kan matacce, kaka ta jingina wa tata kakar. Abin da ya tsare Fraiberg daga wannan rami ba ƙa'idarta ba ce, aikinta ne. Wasiƙar nan da aka aika wa yarinyar da ta rufe ƙofa ta nuna cewa ma'aikatan sun san wanda za su fifita in tausayin uwa da tsaron ɗa suka yi karo. Masu koyi da ita da yawa sun ɗauki tausayin sun bar wasiƙar.

In za a kawo hanyar ƙasarmu

Mas'alar ba baƙuwa ba ce a gare mu. Binciken da Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa ta gudanar a Nijeriya a 2014 ya nuna wajen yara shida cikin goma sun gamu da wani nau'in cin zali kafin su cika shekara 18. Tara dangi a kan majiyyaci ma ba sabon abu ba ne, tun a 1954 Thomas Adeoye Lambo ya zaunar da masu taɓin hankali a gidajen mutanen ƙauyen Aro kusa da Abeokuta, kowanne da wani ɗan'uwansa mai rakiya. Amma akwai wuraren da mai ɗauko maƙalar nan zai yi tuntuɓe. Kalmar fatalwa a wurin Fraiberg kamance ce kawai, a cikin jama'ar da ta san iskoki da borin gado kuwa ana iya ɗaukarta a zahiri, a tafi neman magani wani wuri. Maganar gado kuma za ta tarar da ƙasa a jiƙe, tun da mu ne masu cewa barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, mu ne kuma masu binciken asali kafin aure. In aka bar kashi 90 ɗin nan na mai waiwaye ya shiga bakin mutane, yarinyar da aka azabtar tana ƙarama za a sake hukunta ta ranar da aka zo neman aurenta.

Ma'aunin ma sai an gyara. Matar da ke kau da kai daga ɗanta a gaban baƙo, ba ta kiran sunansa, ba ta yi masa wasa, a Ann Arbor alamar cuta ce, a Kano ko Damagaram kuwa tana iya zama kunyar ɗan fari ce kawai. Labarin Baba mutuniyar Karo, wanda Mary Smith ta rubuta daga bakinta aka buga a 1954, ya bayyana wannan kunya, ya kuma nuna yadda yara ke tashi a hannun waɗanda ba su haife su ba, ita kanta Baba ba ta haihu ba amma ta reni yara. Alicia Lieberman, wadda ta yi aiki da Fraiberg a San Francisco, ta buga maƙala da abokan aikinta a 2005 tana cewa a riƙa tambayar iyaye game da wanda ya taɓa nuna musu ƙauna suna yara, kamar yadda ake tambayarsu wanda ya cuce su, wannan kuwa ya dace da abin da Egeland ya gano. Al'adar riƙo da yaye a gidan kaka tana iya samar da irin wannan mutum, goggo ko inna ko kaka. Ita ce kuma dai ke iya miƙa yarinya ga gidan da ba a maraba da ita, kamar yadda ya sami uwa ta farko a cikin maƙalar, wadda ta ga duka biyun kafin ta cika shekara shida. Taswirar Bowen haihuwa da aure take bi, saboda haka a gidajenmu sai an ƙara mata layin da zai nuna wanda ya yaye yaro, da ɗakin da ya kwana, da shekarun da ya yi a can.